Wane Ragin Haraji Ya Fi Adalci? Hanyoyi Huɗu da Wanda Kowacce Ke Isa Gare Shi

A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabbin dokokin haraji guda huɗu, babbar cikinsu kuma ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Gwamnati ta ce talaka aka sauƙaƙa wa, mai hali aka ƙara wa kaya. Ma'aikata da dama na ganin sauƙin bai taka kara ya karya ba, masu ƙananan sana'o'i kuwa ko ƙanshinsa ba su ji ba. Ga zaɓen 2027 na matsowa, lokacin da kowane ɗan takara zai zo da nasa alkawarin rage haraji. Idan kana cikin ƙungiyar ƙwadago, ko ta 'yan kasuwa, ko ta manoma, ko kuwa ƙuri'arka kawai kake riƙe da ita, ya kamata ka san irin ragin da za ka nema. Baitulmali ba zai ɗauki duka a lokaci guda ba, kuma giɓin da ragin wani ya bari, galibi daga aljihun wani ake cike shi.

Hanyoyi huɗu ne aka fi jin su a bakin 'yan siyasa da masana: a ɗaga adadin kuɗin shigar da ba a cire wa haraji, a rage kaso ga kowa da kowa har da kamfanoni, a rage harajin kayan masarufi, ko a soke kuɗaɗen rasit na kasuwa da tasha da kan hanya.

Abin da za a auna da shi

Na farko, wa ragin ya isa gare shi, kuma nawa. A nan ake yawan yi wa mutane wayo da lissafi. Mai son ya nuna cewa masu kuɗi aka yi wa gata sai ya ƙirga da naira, mai son ya nuna cewa talaka aka taimaka sai ya ƙirga da kaso cikin ɗari. Duka biyun ake dubawa, sannan a ƙara tambaya ta uku wadda ta fi su nauyi a ƙasar da mafi yawan mutanenta ba su da takardar albashi: shin mutumin yana biyan wannan harajin tun asali? Wanda ba ya biyan haraji kaza, ko an soke shi gaba ɗaya bai samu ko sisi ba.

Na biyu tsada, wato nawa asusun gwamnati zai rasa, kuma asusun wa, na tarayya ko na jiha ko na ƙaramar hukuma. Na uku ɗorewa: bayan shekara biyar sauƙin yana nan, ko hauhawar farashi ta cinye shi, ko wata gwamnati ta dawo da shi ta bayan gida. Na huɗu sauƙin aiwatarwa. Na biyar haɗarin da ke biye da shi.

Hanya ta farko: ɗaga adadin da ba a taɓawa

Wannan ita ce ƙashin bayan sabuwar dokar. Naira 800,000 ta farko a shekara ba a cire mata komai. Daga nan zuwa miliyan 3 ana cire kashi 15 cikin ɗari, zuwa miliyan 12 kashi 18, zuwa miliyan 25 kashi 21, zuwa miliyan 50 kashi 23, abin da ya haura haka kashi 25. A tsohon tsari kuwa ana farawa da kashi 7 a kan naira 300,000 ta farko, a hau har kashi 24 a kan abin da ya wuce miliyan 3.2, amma kafin a fara lissafin ana ware wa mutum naira 200,000 ko kashi 1 na kuɗin shigarsa, duk wanda ya fi yawa, da kuma kashi 20 na kuɗin shigar. Wannan warewar sabuwar doka ta soke ta, kuma ita ce dalilin da ya sa sauƙin bai kai yadda ake zato ba.

Ga lissafin, ba tare da an cire kuɗin fansho ko rangwamen haya ba, domin a ga ƙashin abin:

| Albashi a wata | Haraji a shekara, tsohon tsari | Haraji a shekara, sabon tsari | Bambanci |
|---|---|---|---|
| 100,000 | 78,000 | 60,000 | ragin 18,000 |
| 250,000 | 350,000 | 330,000 | ragin 20,000 |
| 500,000 | 896,000 | 870,000 | ragin 26,000 |
| 1,000,000 | 2,048,000 | 1,950,000 | ragin 98,000 |
| 2,000,000 | 4,342,400 | 4,470,000 | ƙarin 127,600 |
| 5,000,000 | 11,168,000 | 12,930,000 | ƙarin 1,762,000 |

Malamin makaranta mai albashin naira 100,000 ya samu sauƙin naira 1,500 a wata. Harajinsa ya sauko daga kashi 6.5 na albashinsa zuwa kashi 5, mai miliyan 5 kuma nasa ya tashi daga kusan kashi 18.6 zuwa kusan kashi 21.6. Alƙiblar daidai take, ba na musun wannan. Sai dai naira 1,500 ba ta kai kuɗin litar man fetur biyu ba a lokacin da lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Mai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 kuwa babu sabon abin da ya samu, domin tun 2021 doka ta ɗauke wa mai mafi ƙarancin albashi haraji.

Akwai rangwamen haya da ya maye gurbin tsohuwar warewar: ana cire kashi 20 na kuɗin hayar da mutum ya biya a shekara daga kuɗin da za a yi wa haraji, iyaka naira 500,000. A duba shi da kyau. Ma'aikacin da ke biyan hayar naira 300,000 a wata unguwa a Zariya za a ware masa 60,000, kashi 15 ɗinta kuma naira 9,000 ke nan a shekara. Babban ma'aikacin da ke biyan miliyan 2.5 a Abuja, wanda ya kai matakin kashi 25, za a ware masa 500,000, ya tsira da naira 125,000. Wanda ke zaune a gidan gado, ko a ɗakin da ya gina a gidan mahaifinsa, yana ciyar da ƙanne da iyaye, bai samu komai ba. A Arewa irin wannan ma'aikacin ba kaɗan ba ne.

To idan aka ƙara ɗaga adadin fa? A ce daga 800,000 zuwa miliyan ɗaya, sauran matakan suna nan yadda suke. Duk mai samun sama da miliyan ɗaya a shekara zai tsira da naira 30,000, babba da ƙarami. Ga mai albashin 100,000 wannan kashi 2.5 ne na kuɗin shigarsa, rabin harajinsa ke nan ya tafi. Ga mai miliyan 5 a wata ko lura ba zai yi ba. Shi ya sa a cikin duk ragin harajin albashi wannan ya fi karkata ga na ƙasa.

Tsadarsa jihohi ne ke ɗauka, domin harajin albashi na jihar da mutum ke zaune ne, kuma shi ne mafi girman ɓangaren kuɗin shigar cikin gida na yawancin jihohi. Jihar da ma'aikatanta ƙananan albashi ne suka fi yawa za ta fi jin jiki fiye da Legas, wadda ke da manyan masu albashi da za a ƙara wa. Aiwatarwa kuwa babu wahala, akanta zai canza lissafi a kwamfuta, wata mai zuwa a gani a albashi.

Rauninsa yana wajen ɗorewa. Tunanin a bar wa mutum wani adadi da ba a taɓawa ba baƙo ba ne a wurinmu, zakka ma ba ta hawa kan dukiya sai ta kai nisabi. Amma nisabi da zinare ake auna shi, idan naira ta faɗi shi ma ya tashi. Naira 800,000 kuwa an rubuta ta ne a doka, tana nan zaune. Mun riga mun ga yadda hakan ke ƙarewa. Tsofaffin matakan a 2011 aka tsara su, lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 18,000, miliyan 3.2 kuma ta haura dala 20,000. Aka bar su shekara 14 ba a taɓa ba, har miliyan 3.2 ta koma dala 2,000 da 'yan kai, ma'aikaci mai matsakaicin albashi ya tsinci kansa a matakin da aka tanadar wa attajirai. Babu ɗan majalisar da ya ɗaga hannu don a yi wannan ƙarin, hauhawar farashi ce ta yi shi shiru, ita da ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Duk ƙungiyar da za ta nemi a ɗaga adadin, ta haɗa da neman a ɗaure shi da mafi ƙarancin albashi ko da ma'aunin farashi, in ba haka ba nan da 'yan shekaru a sake komawa gidan jiya.

Hanya ta biyu: rage kaso ga kowa, har da kamfanoni

Ita ce ta fi daɗin ji a filin yaƙin neman zaɓe, domin an ce kowa zai samu. A rage kashi 1 a kowane mataki, malamin nan mai 100,000 zai samu naira 4,000 a shekara, mai miliyan 5 a wata ya samu 592,000. Masu kare ta suna da hujja: wanda ya fi biya shi zai fi samun ragi, kuma kuɗin da aka bar wa mai jari yana iya zama masana'anta da aikin yi. Hujjar ba banza ba ce, amma a duba inda aka gwada.

A Disambar 2017 Amurka ta rage harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21, ta rage mafi girman kason ɗaiɗaikun mutane daga 39.6 zuwa 37. Masu ba Shugaba Donald Trump shawara sun ce iyali zai ga ƙarin kuɗin shiga na aƙalla dala 4,000 a shekara. Zuba jari ya ƙaru, amma binciken da aka yi daga baya ya nuna ƙarin albashin bai kai ko kusa da wannan adadin ba, giɓin kasafi kuma ya faɗaɗa. Wani abin lura shi ne yadda aka rubuta dokar: ragin kamfanoni na dindindin, na ɗaiɗaikun mutane kuwa aka sa masa wa'adin ƙarshen 2025, sai a Yulin 2025 aka tsawaita shi. A Ingila abin ya fi muni. Ranar 23 ga Satumbar 2022 ministan kuɗi Kwasi Kwarteng ya sanar da soke matakin haraji mafi girma na kashi 45 da ake cirewa a kan abin da ya haura fam 150,000, tare da wasu ragin da bai faɗi inda za a samo kuɗinsu ba. Fam ta faɗi warwas, ruwan bashin gida ya tashi a kan talakawan da ragin bai shafa ba, cikin kwana goma aka janye matakin, ranar 20 ga Oktoba Firaminista Liz Truss ta yi murabus. Idan ƙasar da ke da ƙarfin cin bashi irin na Ingila ta sha haka, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, balle Najeriya da harajin da take tarawa bai kai kashi 11 na arzikin da take samarwa ba a 2021.

A nan gida manyan kamfanoni na biyan kashi 30 na riba, dokar kuma ta buɗe ƙofar a sauko da shi zuwa 25. Ƙananan kamfanoni ba sa biyan komai tun 2020, sabuwar doka ta faɗaɗa wannan rukunin. Tambayar da nake yi wa masu cewa ragin zai farfaɗo da masana'antu ita ce: haraji ne ya rufe masaƙun Kakuri a Kaduna, ko masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano? Rashin wutar lantarki ne, da tsadar man injin, da kayan fasa-ƙwauri. Harajin kamfani a kan riba ake cire shi, kamfanin da ba ya cin riba ko an mayar da kason sifili ba zai buɗe ƙofa ba. Waɗanda za su kwashi ragin su ne bankuna da kamfanonin sadarwa da na siminti, waɗanda da ma suna tsaye da ƙafafunsu.

Sauƙin aiwatarwa tana da shi, ɗorewa ma tana da ita fiye da kowacce, domin waɗanda suka amfana suna da bakin da za su kare abinsu a majalisa. Tsadarta ce babba, haɗarinta kuma shi ne a cike giɓin da bashi ko da harajin kayan masarufi, wanda kowa ke biya.

Hanya ta uku: harajin kayan masarufi

Harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kayan da aka saya, kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, kafin nan kashi 5. Ƙudurin da aka kai majalisa a 2024 ya nemi a ɗaga shi zuwa 10, a bi a hankali har 15, majalisa ta ƙi. A ƙa'ida wannan haraji ya fi danne talaka, domin talaka duk abin da ya samu yake kashewa, mai kuɗi kuwa wani ɓangare yake kashewa ya adana saura. Kuma yana kama wanda ba shi da albashi: duk mai sayen katin waya, ko sabulu, ko biyan kuɗin wuta yana biya.

Amma a Najeriya lamarin na da lauje cikin naɗi. Kayan abinci na yau da kullum, da magani, da littattafan makaranta, da ma ba a ɗora masu VAT, sabuwar doka ta ƙara da bai wa masu sarrafa su damar karɓo VAT ɗin da suka biya a kan kayan aiki. Mudun gero ko tiyar masara da aka auna a kasuwar ƙauye ba su taɓa ganin VAT ba. Ke nan mafi girman ɓangaren kashe-kashen talaka yana wajen wannan haraji tun farko. A ce an mayar da shi kashi 5: gidan da ke kashe naira 40,000 a wata a kan kayan da ake ɗora wa VAT zai samu sauƙin kusan 1,000, gidan da ke kashe miliyan ɗaya ya samu kusan 25,000. Wannan ma idan mai kanti ya sauke farashi ke nan. Kowa ya san halin kasuwarmu, abin da ya hau da wuya ya sauko, kuma babu jami'in da zai bi shago shago ya tabbatar.

Tsadar kuwa ba ta wasa ba ce. VAT ya tara sama da naira tiriliyan shida a 2024, saukowa daga 7.5 zuwa 5 na nufin zubar da kashi ɗaya cikin uku. A sabon rabo tarayya kashi 10 kawai take ɗauka, jihohi 55, ƙananan hukumomi 35. Abin da gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna a Oktobar 2024 suka yi wa bore ke nan, yadda za a raba wannan kuɗin, har aka tsaya a kan rabi a raba daidai, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Jihar da ba ta da manyan kamfanoni da wannan kuɗin take biyan malamai da ma'aikatan asibiti. Mai neman a rage VAT gaba ɗaya ya sani cewa daga nan za a yanka.

Ɗan'uwan ragin VAT shi ne ɗage kuɗin fito a kan abincin da ake shigowa da shi. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage shi na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Farashin hatsi ya sauko a 2025, ko da yake ba wannan kaɗai ne sanadi ba. Mai saye a birni ya ji daɗi, manomin da ya sayi taki da tsada ya zo sayar da shanshera da masara a farashin da bai mayar masa da kuɗinsa ba. Dukansu talakawa ne, sauƙin ɗaya ya zama asarar ɗaya. Abin da wannan hanya ta fi amfani a kai shi ne tsaro, wato a hana ɗora haraji a kan abin da talaka ba zai iya rayuwa babu shi ba. Kenya ta gwada sa VAT na kashi 16 a kan burodi a ƙudurin kuɗi na 2024, matasa suka fito, aka rasa rayuka, Shugaba William Ruto ya janye ƙudurin gaba ɗaya a watan Yuni.

Hanya ta huɗu: kuɗin rasit na kasuwa, tasha da hanya

A nan mafi yawan mutanenmu suke haɗuwa da hukuma. Mai tebur a bakin kasuwa, da mai tura ruwa, da ɗan adaidaita sahu, da direban da ya ɗauko albasa ko shanu zuwa Kudu, ba su san harajin albashi ba, amma sun san yaron da ke zuwa da ɗaurin rasit da safe. Taiwo Oyedele, wanda ya shugabanci kwamitin gyaran harajin, ya sha faɗin cewa harajin da hukuma ta sani ya haura 60, waɗanda ba ta sani ba kuma sun ninka haka.

Illar irin wannan kuɗin ita ce adadi ɗaya ne a kan kowa. A ce mai ƙosai tana biyan naira 200 kullum, kwana 300 a shekara. Naira 60,000 ke nan, daidai da harajin ma'aikacin da ke karɓar 100,000 a wata. Idan ribarta a rana naira 2,000 ce, kashi 10 take bayarwa, ninki biyu na kason ma'aikacin, alhali abin da take samu a shekara bai kai naira 800,000 ɗin da doka ta ce ba a taɓawa ba. Ba a tambayarta ko ta yi ciniki, ko ruwan sama ya kore ta, ko man gyaɗa ya tashi. Haka naira 50 da ake cirewa a kan tura kuɗi na 10,000 zuwa sama: mai tura 10,000 da mai tura miliyan 10 kuɗi ɗaya suke biya. 'Yan adaidaita sahun Kano sun ajiye aiki a Fabrairun 2021 a kan naira 100 ta kullum, wanda bai yi lissafi ba sai ya ga abin kaɗan ne.

Arewa ta san wannan yaƙin. Harajin kai da jangali su ne abin da NEPU ta Malam Aminu Kano ta daɗe tana yaƙa, domin adadi ne da ake yanka wa mutum ba tare da duba ƙarfinsa ba, ga dukan da wulaƙancin da ke biye da karɓarsa. A 1979 gwamnatocin jam'iyyar PRP, ta Abubakar Rimi a Kano da ta Balarabe Musa a Kaduna, suka soke su. Har yau dattawa na ambaton wannan matakin, kuma ban san wani ragin haraji da ya isa ga mutanen karkara kai tsaye kamar shi ba. A Gana ma, inda 'yan zango ke hada-hada da kuɗin waya kamar kowa, an sa harajin kashi 1.5 a kan tura kuɗi a Mayun 2022, aka rage shi zuwa 1 a 2023, gwamnatin John Mahama ta soke shi a Afrilun 2025.

Ta fuskar asusun gwamnati wannan ce mafi araha, domin kaso mai yawa na abin da ake karɓa ba ya isa asusun, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ta fuskar aiwatarwa kuma ita ce mafi wuya, nesa ba kusa ba. Tun 1998 akwai dokar da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai iya karɓa, ta hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji, amma shingayen suna nan. Masu karɓar 'yan kwangila ne da yaran 'yan siyasa, abincinsu ke nan. Sa hannu a Abuja ba ya tayar da su, sai gwamna da shugaban ƙaramar hukuma sun so, sai kuma an sama wa ƙaramar hukuma wata hanyar biyan masu shara da gyaran rumfuna. Kuma ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa: an sha soke rasit yau, bayan wata shida ya dawo da sabon suna da sabuwar riga.

| Ma'auni | Ɗaga adadin da ba a taɓawa | Rage kaso ga kowa | Rage VAT da kuɗin fito | Soke kuɗin rasit |
|---|---|---|---|---|
| Wa ya fi amfana | ƙananan ma'aikata | manyan masu albashi da kamfanoni masu riba | kowa kaɗan kaɗan, mai kashe da yawa ya fi | masu ƙananan sana'o'i, direbobi, manoma |
| Tsada | matsakaiciya, a kan jihohi | babba | babba ƙwarai, a kan jihohi da ƙananan hukumomi | kaɗan |
| Ɗorewa | hauhawar farashi na cinye shi | tana daɗewa | ya danganta da mai kanti | yana dawowa da sabon suna |
| Sauƙin aiwatarwa | mai sauƙi | mai sauƙi | sauƙi a doka, wuya a kasuwa | mai wuya ƙwarai |
| Haɗari | bai isa ga marar albashi ba | bashi da ƙarin wani harajin | ƙarancin kuɗin albashi, asarar manoma | turjiyar masu karɓa |

Akwai masu cewa a bar haraji yadda yake a raba wa talakawa kuɗi hannu da hannu. A takarda wannan ya fi kowanne isa ga na ƙasa. An sanar da naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15 a Oktobar 2023, a Janairun 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai da shirin kansa saboda zargin almundahana. Sai rajistar ta zama abin yarda kafin a sa shi a sahun sauran.

Wa ya kamata ya nemi me

Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani mai albashin da bai wuce naira 300,000 ba, hanya ta farko ce tasa. Ya matsa wa ƙungiyarsa ta nemi abu biyu tare: a ɗaga adadin, a kuma ɗaure shi da mafi ƙarancin albashi. Kafin nan, idan yana haya, ya riƙe rasit da yarjejeniyar hayar ya kai wa ofishin albashi, domin rangwamen sai an nema ake samu.

Mai shago ko ƙaramar masana'anta da ya yi rajistar kamfani, ragin kaso bai shafe shi ba tunda ba ya biyan harajin riba. Abin da ke cinsa shi ne jami'ai biyar daga ofisoshi biyar a kan shago ɗaya, don haka ya tsaya a hanya ta huɗu, ya nemi takarda ɗaya, biya ɗaya, a asusun banki.

Mai babban jari da ke son a sauko da kashi 30 zuwa 25 yana da ikon nema, amma sauran jama'a su sa sharaɗi: a nuna inda za a cike giɓin, kuma ragin ya bi wanda ya kafa injin ya ɗauki ma'aikata.

Magidancin birni da abinci ke cinye rabin abin da yake samu, ya sa ido kada a ɗaga VAT ko a shigar da kayan abinci da magani cikinsa. Neman a sauko da shi gaba ɗaya ba zai ba shi abin da yake zato ba.

Manomi da makiyayi da mai sana'ar bakin titi, waɗanda su ne mafi yawa, babu abin da hanyoyi biyu na farko za su ƙara masu, ta uku kuma tana iya cutar da manomin idan ta zo ta ƙofar shigo da hatsi. Tasu ita ce ta huɗu, kuma ba a Abuja ake nemanta ba. Ɗan takarar gwamna da na majalisar jiha da na shugaban ƙaramar hukuma za a tsare, a ce ya faɗi sunan rasit ɗin da zai soke ɗaya bayan ɗaya, da ranar da zai soke, da wurin da za a kai ƙara idan yaron rasit ya sake bayyana.